Yadda Karatu Ya Ɓace wa Mushe Alassani

A Zongon Sokode aka haifi Alassani, a gidan Garuba mahauci, shi da 'yar'uwar tagwaicinsa Husseina, wajejen shekarar 1935. Tun suna rarrafe aka ga ba halinsu ɗaya ba. Husseina ba ta kai shekara bakwai ba ta fara ɗauko ƙwaryar kayan ciki daga mayanka zuwa gida, tana tafe tana korar karnuka da baki. Alassani kuwa da ya ga an kayar da sa an ɗaure masa ƙafafu, sai ya nemi bango ya jingina, idonsa a rufe. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya gaji. Saboda haka da aka aiko daga wurin Sarkin Zongo cewa Nasara na son a ba da yara a kai lakwal, wato makarantar bokon Faransawa, maƙwabta suka shiga tura 'ya'yansu gona a Kparatao don kada a gan su. Garuba kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya kama hannun Alassani ya miƙa, ya ce ai wannan ko an bar shi a gida ba wuƙa zai riƙe ba.

A can yaron ya sami abin da ya dace da shi. Faransanci ya zauna masa a baki, lissafi kuma ya shige shi har cikin ƙashi. Da ya gama aka tura shi kudu koyon aikin malanta, ya dawo da farar riga da takalmi sau-ciki, yara na bin sa suna kiransa Mushe, wato malam da Faransanci, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Ranar da Garuba ya fara jin wannan suna a ƙofar gidansa sai ya ajiye butarsa. Ya ce tunda yake fawa ba a taɓa kama shi da mushe ba, yau ga shi an kawo masa ɗaya har gida, kuma shi ya haifa. Aka yi ta dariya, sunan kuwa ya zauna.

Bayan an sami 'yancin kai Turawan da ke koyarwa suka fara raguwa, aka ƙara wa irin su Alassani horo, aka ɗaga su zuwa koyarwa a kolej, wato makarantar sakandare. Ya auri Lauratu, 'yar wani maɗinki a unguwarsu, mace mai sanyin magana. Soja ba su daɗe da karɓar mulki ba aka tura shi arewa, Dapaong, wadda a lokacin aka fi kira Dapango. Suka kama ɗaki biyu a gidan wani dillalin shanu, Hammajoda, kusa da kara. Husseina ta zauna a Sokode, ta zama babbar mai fataucin doya, tana saye a Kparatao da Aouda tana lodawa a manyan motoci zuwa arewa. Ba motar da za ta tashi ba ta sa an sauke wa ɗan'uwanta manyan doya a ƙofar gida ba.

A kolej an san Mushe Alassani da abu biyu: tsabtar Faransanci da tsabtar allo. Yana jera lissafi a kan allo kamar an auna da igiya. Darasin da ya fi so shi ne rabon polinom, wato raba jerin aljabara mai gaɓa-gaɓa da wani jerin, irin yadda ake doguwar rabawa da lambobi. Ya san daidai inda ɗalibai ke faɗawa rami, kuma yana jin daɗin tsayawa a bakin ramin yana jiran su. In ya ba su x³ − 8 ya ce su raba da x − 2, sai su ga gaɓa biyu kacal, su yi murna, su rubuta su manne da juna. Suna fara ɗebewa sai 2x² ta faɗo ƙarƙashin 8, su haɗa abin da ba jinsi ɗaya ba, amsa ta watse. Yakan bar su su yi gumi tukuna, sannan ya tambaye su ko sun taɓa shiga kara da sassafe. Kowane dillali da turakunsa a jere, in saniya ba ta zo ba, ba a tumɓuke turkenta a matso da na gaba. Haka nan tsakanin x³ da 8 akwai wurin x² da wurin x. Babu komai a kansu, amma wuraren na nan. A rubuta x³ + 0x² + 0x − 8 tukuna, sannan a fara rabawa.

A kan wannan darasi abin ya same shi, wata Talata cikin bazarar 1975. Ya tashi da ciwon kai ta wajen ƙeya, ya ɗauka zafin gari ne, ya sha kokonsa ya fita. A aji ya rubuta jerin da sifirorinsa biyu, ya ja layi, ya rubuta x − 2 a gefe, ya sa x² a wurin amsa. Sannan ya juyo ya tambayi ɗalibai abin da za a samu in an ninka x² da x − 2. Yana kallon hannuwan da aka ɗaga sai ya ji kamar an kwarara masa ruwan sanyi a cikin kai. Bai faɗi ba, bai ma dafa tebur ba. Wata ɗaliba ta ba da amsa daidai, ya gyaɗa kai, ya juya zai rubuta.

Allon na nan, farin alli na nan, har tsagar da ke kusurwar allon yana gani. Amma abin da ke rubuce ya zama zane kawai, kamar sawun kaji a kan yashi. Ya kalli na farko, ya san shi ya rubuta shi yanzun nan, ya san me ya rubuta, amma idonsa ya ƙi gaya masa ko mene ne. Ya murza ido da bayan hannu. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ja da baya. Abin da ya fara zo masa a rai shi ne an yi masa wasa an sauya allon, sai ya tuna bai gusa daga wurin ba.

Aji ya yi tsit ana jiran sa. Ya ce da ɗalibar, da muryar da yake gwada su da ita kullum, ta karanta wa aji abin da ke allo daga farko. Ta karanta. Sai ya lura cewa zanen nan ƙungiya huɗu ne a jere, kuma ya san na farko wurin x³ ne, na biyu wurin x², na uku wurin x, na huɗu wurin lamba. Ba don ya jera wuraren nan huɗu ba da bai san inda zai ɗora alli ba. Ya ƙirga da ɗan yatsa, ya sa hannu, sai ya ji hannun na rubutu yadda ya saba, ba gargada. Ya rubuta x³ − 2x² a ƙarƙashin ƙungiya ta farko da ta biyu, ya ɗebe da ka, ya sauko da 2x². Kowane layi ya rubuta sai ya sa wani ya karanta da ƙarfi, shi kuma ya riƙe a kai. A haka suka kai x² + 2x + 4, babu saura. Aka buga ƙararrawa. Yana fita sai ya bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗar dama, don bai gan shi ba.

A gida bai cire takalmi ba ya jawo littafin aljabarar da ya yi shekaru yana koyarwa da shi. Bai gane ko harafi ɗaya ba. Ya ɗauki jarida, ya ɗauki gwangwanin madara, ya juya shi ta ko'ina. Saniyar da ke jikin gwangwanin ya gan ta sarai, rubutun da ke ƙarƙashinta ya zama ƙaya-ƙaya. Daga nan ya yi alwala ya sauko da Alƙur'ani daga saman kabad, zuciyarsa na ce masa wannan kam ba zai ƙi shi ba, tunda da shi ya fara tun kafin lakwal. Ya buɗe inda ya tsaya da asuba. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya rufe a hankali ya zauna a ƙasa.

Lauratu ta shigo da abinci ta same shi a haka.

"Malam, lafiya?"

"Ɗauko mini takarda da alƙalami."

Ta ɗauko. Ya rubuta sunanta da na 'ya'yansu, ya miƙa mata. Ita ba ta yi lakwal ba, amma ta san hannun mijinta. Ta ce ai ga rubutunsa nan kamar kullum.

"Ni na rubuta, kina gani," in ji shi. "To, ba na iya karanta shi."

Ta dube shi, ta dubi takardar. Ta ce ko dai idon ne. Ya nuna mata tururuwa tana hawa bango can kusa da rufi, ya karɓi allura ya zura zare a gabanta. Lauratu ta ajiye kwanon, ta zauna ita ma, ta kama salati a hankali.

Ba su gaya wa kowa ba. Yana ganin in maganar ta fita aikinsa ya ƙare, don ba a taɓa jin malamin da ba ya karatu ba, kuma yana sa rai zai wayi gari abin ya wuce yadda ya zo. Lauratu ta karɓo rubutu wurin wani malami ta ce na ciwon kai ne, ya sha. Ya ari tabaran Hammajoda ya gwada, sai zanen ya ƙara girma kawai. A makaranta ya ci gaba da dabararsa, shi ya rubuta, ɗalibai su karanta. Littattafan aikinsu ya tara a kan tebur bai duba ba.

Abin da ya hana shi barci shi ne taron da ke tafe. Sabon shugaban yanki zai ziyarci makarantar, kuma tun kafin wannan ciwo darakta, shugaban makarantar, ya ba da sunan Alassani cewa shi zai karanta jawabin goyon baya a madadin malamai, saboda Faransancinsa. Ya je ya sami darakta ya ce idonsa na damun sa, a ba wani. Darakta, mutumin kudu ne mai yawan tsoro, ya dubi idon ya ga ba ja ba kumburi. Ya ce suna ya riga ya tafi ofishin jam'iyya, in aka sauya yanzu za a tambayi dalili. Alassani ya roƙi a ba shi takardar tun da wuri, da niyyar ya sa a karanta masa ya haddace. Darakta ya ce ba su ke rubutawa ba, daga can za a zo da ita ranar taro.

Ranar ta zo. Aka jera ɗalibai a rana suna waƙa suna tafi, manya na zaune ƙarƙashin rumfa, jandarmomi, wato 'yan sandan soja, a tsaye a gefe. Aka kira sunansa. Wani ɗan jam'iyya ya miƙa masa takarda shafi biyu, ya gyara masa lasifika daidai baki. Alassani ya ɗaga takardar. Ya yi addu'a a ransa ko kalma ɗaya ta fito masa ya kama daga nan. Ba abin da ya fito. Ya yi tunanin ya ƙaga jawabi daga kansa, sai ya ga ɗan jam'iyyar na riƙe da kwafi yana jiran ya bi shi layi-layi. Shiru ya yi tsawo har masu ganga suka sauke hannu. Darakta ya yi masa raɗa daga baya ya fara mana. Ya juya don ya amsa masa a hankali, ya manta da lasifikar da ke gabansa, sai filin duka ya ji:

"Ba zan iya karanta wannan ba."

Ba wanda ya yi motsi. Ya ga fuskokin abokan aikinsa, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai san shi ba, a nan ne ya fahimci yadda maganar ta fita. Ya buɗe baki zai gyara, aka kashe lasifika. Shugaban yanki ya miƙe ya nufi motarsa. Kafin la'asar Alassani na cikin ɗakin tsaro a ofishin jandarma, ba ɗamara ba takalmi.

Kwamandan wurin ba mai yawan ihu ba ne. Ya sa aka fito da shi washegari, ya tambaye shi wa ya sa shi. Alassani ya ba da labarinsa tun daga allo. Kwamanda ya saurara har ƙarshe, ya ba shi takarda, ya yi masa shifta jimla ɗaya. Ya rubuta tsaf, har da waƙafi. Kwamanda ya ce ya karanta. Alassani, da yake jimlar na kunnensa, sai ya maimaita ta ba tare da ya yi tunani ba.

"To ga shi ka karanta," in ji Kwamanda.

"Ranka ya daɗe, tunawa na yi."

"Mutum ya rubuta da hannunsa ya ce ba ya karatu. Ni ka mayar yaro?"

Aka mayar da shi ɗaki. Daga baya aka sake fito da shi, wannan karon ba Kwamanda ne ya yi tambayar ba, kuma ba da baki kawai aka yi ta ba. Sunaye ake so ya faɗa, shi kuwa ba shi da sunan kowa. Yana kwance a kan siminti yana jin mamaki ya fi zafin jikin yawa. Shi da bai taɓa buɗe baki a maganar siyasa ba, shi da ke sauya hanya in ya hangi taro, yau a kansa ake neman 'yan tawaye. Har ya fara tambayar kansa ko dai haukacewa ya yi bai sani ba.

Hammajoda ne ya ba wani direban motar shanu saƙo zuwa Sokode. Husseina ta bar doyarta a kasuwa, ta hau gaban motar farko da ta samu. Ta sauka gidan Hammajoda, Lauratu ta gaya mata komai, har maganar allura da zare. Da safe ta je ofishin jandarma ta zauna a kan dakalin ƙofa. Aka kore ta, ta koma gindin bishiyar da ke fuskantar tagar Kwamanda. Haka ta yi ta yi, ba ta roƙo ba ta kuka, har ya gaji da ganin ta ya sa aka shigo da ita. Hausar kasuwa Kwamanda yake ji, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Kai ne ɗan'uwansa?"

"Ni ce. Ciki ɗaya, rana ɗaya."

"Ɗan'uwanka yana ƙarya. Ya ce ba ya karatu."

"In ƙarya yake yi ai da sauƙin ganewa, ranka ya daɗe. Ya san na zo garin nan?"

"Bai sani ba."

"To rubuta masa cewa na mutu. Ka ce motar doya ta kife da ni a hanya ina zuwa wurinsa. Ka ba shi a hannu, ka dubi fuskarsa. In ya karanta wannan ya iya ɓoyewa, ku riƙe shi, ni ma ba na son sa."

Kwamanda ya jawo takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya sa ta shiga ƙaramin ɗakin da ke bayan ofis, aka bar ƙofar a ɗan buɗe.

Aka shigo da Alassani yana ɗingishi, aka zaunar da shi a benci. Kwamanda ya miƙa masa takardar ya ce saƙo ne daga Sokode. Ya karɓa da hannu biyu. Jin an ce Sokode sai fuskarsa ta ɗan saki. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya karkata takardar wajen haske, ya bi zanen da ido kamar mai neman fuskar da ya sani a cikin taro. Sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, in daga gida ne, a taimaka a karanta mini. Wataƙila 'yar'uwata ce ta ji labari."

Ko jandarman da ke tsaye a ƙofa sai da ya kawar da kai. Husseina ta ɗauka an gama, ta kama ƙofa za ta fito. Amma Kwamanda na son ya ga ɗaya gefen. Ya karɓi takardar ya karanta da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma. Alassani bai yi ƙara ba. Bakinsa ya buɗe, hannuwansa suka saki, ya zame daga benci ya zube a ƙasa. Husseina ta banko ƙofa ta faɗa kansa tana kiran sunansa, tana cewa ga ta, ga ta, ƙarya ce. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ja da baya har ya bugi bango. Sai da ta kama hannunsa ta ɗora a fuskarta sannan kuka ya zo masa.

A ranar aka kai shi asibiti da rakiyar jandarma. Likitan ya auna jininsa ya girgiza kai. Ya riƙa kawo yatsa ta gefen damansa, Alassani bai gani sai ya iso tsakiya. Ya zana masa harafi a takarda, bai gane ba. Ya kama tafin hannunsa ya zana harafin da ɗan yatsa, nan take ya faɗi sunansa. Likita ya ce hawan jini ne ya toshe wata 'yar jijiya a bayan ƙwaƙwalwa, hanyar da ke kai abin da ido ya gani zuwa inda ake gane kalma ta yanke, amma hanyar hannu na nan lafiya. Ya ce a littafi ya taɓa karanta irin wannan, bai taɓa gani da idonsa ba. Alassani ya tambaye shi ko zai dawo. Likita ya ce ya rage gishiri.

Aka sake shi ba tare da wani ya ce masa yi haƙuri ba. Ma'aikatar ilimi ta sallame shi bisa dalilin rashin lafiya. Daga cikin abokan aikinsa mutum biyu ne suka zo sallama, su ma ba su zauna ba. Suka loda kayansu a motar da ta sauke doya za ta koma kudu. Tun daga Dapaong har suka wuce Mango bai ce wa Husseina uffan ba, don ya riga ya ji cewa ita ta kawo dabarar. Can ta gaji ta ce in zai yi fushi ya yi, amma ya ci abinci.

"Da bakinki kika ce a rubuta," in ji shi.

"Da me kake so in fito da kai? Ban san kowa a garin nan ba."

"Da zuciyata ta tsaya fa?"

Ta juya tana kallon hanya, ya ga tana goge ido da bakin mayafi. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙunshin abincin.

Shekarar farko a Sokode ta yi masa nauyi. Garuba ya riga ya rasu, gidan na hannun ƙannen Alassani mahauta, shi kuwa ba shi da abin yi sai zama a rumfar doyar Husseina yana kallon masu wucewa. Mutane na zuwa gaishe shi, wasu don tausayi, wasu don su ga malamin da aka ce aljanu sun ɗauke wa karatu. Akwai masu kawo masa takarda da gangan su ga ko gaskiya ne. Abin da likita ya yi masa a tafin hannu ne ya riƙa dawo masa a rai. Ya fara bin manyan baƙaƙen jikin buhu da ɗan yatsa, in yatsan ya zagaya harafi sai sunansa ya zo. Kalma ɗaya takan ci masa lokacin da a da yake karanta shafi, amma tana zuwa.

Wata rana wani maƙwabci, Issa mai gyaran keke, ya zo ya ce 'yarsa za ta zauna jarrabawar kolej, lissafi ya gagare ta, ko Mushe zai duba ta. Alassani ya ce ai ba ya gani. Issa ya ce ita tana gani. Haka aka fara. Ya sa kafinta ya yi masa allon katako, aka tsaga masa layuka daga sama zuwa ƙasa, masu zurfin da yatsa zai ji, kowane ƙarfin x da gidansa. Shi ya rubuta, ɗaliba ta karanta, in ta yi nata aikin ta faɗa masa da baki layi-layi. A nan ya gane wani abin da bai sani ba duk shekarun da ya yi a aji: wanda aka tilasta wa faɗin aikinsa da ƙarfi yakan ji kuskurensa da kunnensa kafin malami ya yi magana. In ɗalibi ya tsallake gaɓa, ya tashi daga x³ ya dira kan lamba, Alassani ba ya cewa komai, sai ya bar yatsansa a gidan da aka tsallake har mai karatun ya lura ya ce sifiri. Yarinyar ta ci jarrabawa. Shekara na zagayowa zauren gidan Garuba ya cika da yamma, har da 'ya'yan ƙabilar Kotokoli daga wasu unguwanni.

Bai sake komawa Dapaong ba, kuma har ya tsufa in aka kunna lasifika kusa da shi sai ya tashi daga wurin. Karatun Alƙur'ani ya koma yi da ka, abin da ya haddace tun yana yaro, ya ƙara da abin da Lauratu ke biya masa bayan sallar asuba. Da safe kuwa, kafin ɗalibai su taso, wata sana'a ta same shi ba tare da ya nema ba. Mutanen Zongo masu 'yan'uwa a Lome da Kumasi da Abidjan suka gano cewa ba mai tsara wasiƙa da Faransanci kamarsa, kuma ba ya kai maganarsu wurin kowa. Sai dai in amsa ta dawo, dole a kai wa wani.

Wata tsohuwa mai suna Daada, da ya rubuta wa ɗanta wasiƙa a Abidjan, ta dawo masa da amsar tana murna, ta ce ya karanta mata. Ya ce ta kai wa ɗan maƙwabta. Ta ce ita ba ta son yaran nan su ji maganar gidanta, shi ya rubuta, shi zai karanta. Ya gaya mata cewa da yatsa zai bi, kuma rubutun ɗan nata ƙanana ne, za su iya kai azahar. Daada ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta zauna, ta ɓare goro ta miƙa masa rabi, ta ce ba inda za ta. Ya gyara zama, ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa, ya ɗora yatsa a kan harafin farko.

Ya rasu a daminar 1989, bayan gajeriyar jinya. Lauratu ta rayu bayansa shekaru da dama a gidan babbar 'yarsu.